Sana'ar Wasan Kwaikwayo, Daga Daɓe Zuwa Gaban Kamara: Tambayoyi da Amsoshi Don Matasan Kebbi da Zamfara

Waɗannan tambayoyi ne da ba sa ƙarewa a bakin matasan Gusau, Birnin Kebbi, Argungu, Ƙauran Namoda, Yawuri da Zuru masu sha'awar dirama, wasu kuma daga iyayen da 'ya'yansu suka kafe sai sun shiga. An faro daga tambayar mai shirin sa ƙafa, aka gangara zuwa ta wanda ya riga ya tsunduma. Duk inda aka ce "kai", har da "ke" ake nufi.

Ina son zama ɗan wasan kwaikwayo. Ta ina zan fara?

Ta garinku. Nemi ƙungiyar dirama ta unguwa ko ta makaranta ka shiga. Idan kana babbar makaranta, irin su Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, ko ta Maru, ko kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ko ta Ƙauran Namoda, tambayi ƙungiyar ɗaliban Hausa, don ita ta saba shirya wasa idan bikinta ya zo. Wanda ya taɓa manna gemun auduga yana yaro ya bi gida-gida yana tashe cikin azumi, ya riga ya ɗanɗana abin, saura horo.

Kada ka sa ran babban rol, wato matsayin da ake ba ɗan wasa ya fito a ciki, a shekarar farko. Za ka ɗauki benci, ka ɗaura zannuwan da ake yin labule da su, ka zauna a gefe da takarda kana tuna wa wanda ya manta magana. Wannan aiki na ƙarshe ka roƙa a ba ka shi, domin mai riƙe takarda yakan haddace wasan gaba ɗaya bai sani ba, kuma ranar da wani ya ƙi zuwa shi ake turawa. Ka fito sau uku ko huɗu gaban jama'a kafin ka fara tunanin kamara. Harkar fim ɗin Hausa kanta daga nan ta taso: Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ƙungiyar dirama ce tun kafin ta shiga fim.

Dole ne sai na karanta wasan kwaikwayo a jami'a?

Ba dole ba ne. Ali Nuhu, wanda aka naɗa shugaban Hukumar Fina-finai ta Nijeriya a 2024, labarin ƙasa ya karanta a Jami'ar Jos. Abin da ya zama tilas shi ne iya karanta Hausar boko da sauri ba tuntuɓe. Mai baiwa yakan rasa rol don kawai an miƙa masa shafi biyu ya kasa bi. In karatunka na da rauni, riƙa karanta shafi biyar na littafin Hausa a bayyane kullum, cikin wata uku za ka ji bambanci.

Mai hali kuwa ya yi karatun. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Jos duk suna koyar da wasan kwaikwayo, akwai kuma cibiyar koyon aikin fim ta ƙasa a Jos. A can za ka haɗa da rubutu, ba da umarni, haske da sauti, waɗanda su ke riƙe mutum idan an daina neman fuskarsa, kamar yadda ya zo a amsar ƙarshe.

Mene ne bambancin daɓe, rediyo da kamara a wurin ɗan wasa?

A daɓe, mutumin da ke zaune a bencin ƙarshe shi ne ma'auninka. Murya ta kai gare shi, motsin hannu ya zama wanda zai hango. Ba a juya wa 'yan kallo baya ana magana. In za ka fuskanci abokin wasa, tsaya a karkace, rabin ƙirjinka na wajen jama'a. Idan aka fashe da dariya, dakata har ta fara lafawa, in ba haka ba maganar da ta biyo baya ta tafi a iska. Wasa ba ya tsayawa, saboda haka wanda ya manta, abokinsa ne zai ciro shi da tambaya, misali ya ce, "Wato dai ba za ka biya bashin ba ke nan?"

A rediyo murya ce kaɗai dukiyarka. Bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da makirfo, ka ɗan karkata don kada iskar "f" da "b" ta riƙa dukansa. Cire ƙusar da ta haɗe takardun tun kafin a fara, duk shafin da aka gama a zame shi gefe a hankali, don makirfo na jin ƙarar takarda fiye da yadda kunne ke ji. In ana so a nuna ka yi nisa, ja da baya taku biyu kawai. Kuma a yawaita kiran suna, don mai sauraro ya san wa ya shigo.

Kamara ita kuma ƙara girman abu take yi. Abin da ɗan daɓe ke yi da hannu biyu, a nan ido ne ke yin sa. Laifin da aka fi kama sababbin zuwa daga daɓe da shi uku ne: ɗaga murya, zare ido, da yawan kaɗa kai. Idan an matso da kamara kan fuska, gusawar taƙi ɗaya ta isa ta fitar da kai daga hoto ko ta sa ka dushe. Fim mai dogon zango na talabijin, irin wanda ya bunƙasa bayan buɗe Arewa24 a 2014, yana ƙara wani nauyi: saurin hadda, da riƙe hali ɗaya da murya ɗaya na tsawon watanni ko shekaru.

Yaya ake haddace magana ba ta fito kamar tilawa ba?

Kada ka fara da kalmomi. Karanta labarin duka sau biyu, sannan a gefen kowace fitowa taka ka rubuta abu uku: daga ina na fito, me nake nema a wurin wanda nake wa magana, me ya tare ni. Bayan haka ka haddace maganarka haɗe da ƙarshen maganar abokin wasanka, don ita ce ke tashe ka. Ɗauki maganganunsa a waya, ka bar gurbin naka, ka riƙa kunnawa kana cikewa.

Yawancinmu da haddar allo muka tashi, tana da ƙarfi, amma takan liƙe wa magana rauji ɗaya da ba ya canzuwa ko darakta ya nema. Maganinsa shi ne ka maimaita maganar cikin raɗa, cikin fushi, kana shara, kana tafiya, har ta rabu da wannan raujin. Wasan daɓe na awa ɗaya yana son gwaji na kamar mako shida, sau uku a mako, awa biyu-biyu. A ajiye takarda a ƙarshen mako na uku, a yi makon ƙarshe cikin kayan wasa, don babbar riga da rawani suna canza tafiyar mutum. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wasu daraktoci ba sa ba da rubutu, sai su faɗa maka abin da fitowar ta ƙunsa ka zuba da bakinka. A nan ka tambayi inda za a fara da inda za a tsaya, ka kuma riƙe abin da ka faɗa, don za a sake ɗauka. Amsar ranar aiki a lokeshan, wato wurin ɗaukar fim, ta bayyana dalili.

Muryata ba ta kai ƙarshen ɗakin taro, in na matsa kuma sai ta dushe.

Da maƙogwaro kake turawa. Kwanta rigingine, ɗora littafi a ciki, ja numfashi har littafin ya ɗaga, kafaɗa ba ta motsa ba, sannan ka saki iskar a hankali kana ƙirga ɗaya zuwa ashirin. Minti goma sha biyar kullum da safe. Bi da ɗumama baki da karin magana mai karya harshe, kana fitar da ƙ, ɗ, ɓ da ts sarai, don sau da yawa rashin fitar harufa ne ke hana a ji mutum. Lokacin hunturu, da ƙura ke busar da maƙogwaro, sha ruwa mai ɗumi ka rufe baki da hanci a kan babur. Dushewar da ta wuce mako biyu ta asibiti ce.

Hausar Zamfara ko ta Kabi nake yi. Sai na koma Kananci?

Ka koyi daidaitacciyar Hausa, ka kuma riƙe taka da kyau. Yawancin rubutun fim da Hausar Kano ake yin sa, saboda haka idan an ba ka rol ɗin ɗan cikin birni, "munka", "yat tahi", "hwara" da "gidanai" za su tona ka a fitowar farko. Harufa ma suna da sauƙin gyara. Abin da ke daɗewa shi ne karin sauti da ninka baƙi, kamar "hulla" a wurin "hula". Saurari labaran rediyo kana maimaitawa, ka ɗauki muryarka ka kwatanta.

Amma wanda ke iya juya harshe biyu ya fi mai ɗaya daraja. 'Yan wasa da yawa na kwaikwayon Sakkwatanci don ban dariya, kuma duk ɗan yankin nan yana jin inda suke kuskure. Kai da aka haifa cikinsa za ka iya fitar da alƙali, malami, attajiri ko uba mai nauyin magana da wannan harshe, ka nuna ba na raha kaɗai ba ne. Yankin nan ba baƙo ba ne a harkar: Abubakar Tunau Mafara ya rubuta littafin wasan kwaikwayo mai suna Wasan Marafa tun 1949, ɗan wasan barkwanci Golobo na Talatar Mafara kuma da harshen gida ya yi suna a talabijin ɗin Sakkwato.

Yaushe ya kamata in nufi Kano, da me zan tafi?

Sai kana da abu uku: aikin da za ka nuna, mutumin da ya kira ka ko zai gabatar da kai, da kuɗin da zai riƙe ka ya kuma dawo da kai gida. Wanda ya tafi hannu rabbana yakan ƙare yana zaman jira a ofisoshin Titin Gidan Zoo, wata ya bi wata. Aikin nunawa bidiyo ne na minti ɗaya zuwa biyu. Kwantar da wayar a kan abu mai tsayin idonka, fuskanci taga don haske ya sauka a fuskarka, bango fili a bayanka, a kashe fanka. Faɗi sunanka da garinku, sannan ka yi fitowa biyu masu bambancin hali, wani na karanta maka ɗaya ɓangaren daga bayan wayar. Kada ka kwaikwayi wani jarumi, don suna da na asalin.

Daga Birnin Kebbi tafiyar yini ce, ta Sakkwato, Talatar Mafara, Gusau, Tsafe da Funtuwa. Da rana ake bin hanyar nan, kowa ya san dalili. In an kira ka aikin safe, ka isa tun jajibirinsa.

An ce in biya kuɗi a saka ni a fim. In biya?

A'a. Furodusa ne ke biyan ɗan wasa. Kuɗin rajistar ƙungiya ko hukuma daban ne, a ofis ake biya a karɓi rasit. Wanda ya tuntuɓe ka a Facebook ko WhatsApp da sunan wani jarumi yana neman kuɗin fom, ko ya ce a haɗu a otal don gwaji, ka rabu da shi.

Yaya ranar aiki take a lokeshan?

Rabinta jira ne. Za a kira ka da safe, wataƙila sai bayan la'asar a zo kanka, don ana bin wuri da haske, ba a bin jerin labari. Duk fitowar da ke cikin falo ɗaya a rana ɗaya ake ɗaukar ta, ko da ɗaya ta farkon labari ce ɗaya ta ƙarshe. Kana iya yin kukan mutuwar matarka da hantsi, ka yi zancen neman aurenta da yamma. Shi ya sa bayanin nan uku da ka rubuta a gefen takarda, wanda aka kawo a amsar hadda, yake da amfani. Tafi da kaya kala uku ko huɗu a goge, banda masu ƙananan zane-zane da ke rawa a kamara da farin da ke ƙyalli.

Kowace fitowa ana ɗaukar ta sau da yawa: daga nesa, daga tsakiya, sannan kan fuskar kowa. Edita zai yanka ya haɗa, saboda haka dole motsinka ya zama iri ɗaya kowane karo. Idan ka ɗaga kofin kunu da hannun dama a kan kalmar "wallahi", haka za ka yi a duk ɗaukar. Karin hula ya tsaya gefen da yake, mayafi a kafaɗar da yake, kunun ma a mayar da shi inda ya kai a kofi. Wannan shi ake kira kontiniti, akwai mai lura da shi, amma ɗan wasan da ke lura da nasa shi ake sake kira. Kada ka hau kan maganar abokinka sai an ce ka yi, kada ka kalli idon kamara, kada kuma ka saki fuska sai ka ji darakta ya ce "kat".

Nawa ake biyan ɗan wasa?

Babu tsayayyen farashi. Ana sallamar mutum ko dai a kan fim ɗungurungum, ko a kan yawan fitowa, ko kwanakin aiki, ko zango guda na fim mai dogon zango. Sabon shiga sau da yawa kuɗin mota da abinci kawai yake samu. Kasuwar ma ta sauya: zamanin kaset da faifan CD, lokacin da 'yan kasuwar Ƙofar Wambai ke sayen fim, ya wuce, satar fasaha da tura fim a waya sun karya shi. Yanzu kuɗi na fitowa ne daga tashoshin talabijin, YouTube da tallace-tallace.

Kafin ka fara aiki a yi magana a kan abu huɗu: nawa, yaushe, kwana nawa, wa ke da nauyin mota da masauki. A rubuta, ko da a saƙon waya ne. Kunya ce ke cin haƙƙin yawancin sababbi, musamman wanda ke ƙarƙashin ubangida. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta san da haƙƙin mai wasa a kan wasansa, amma takardar da ka sa wa hannu ita za a fara dubawa, don haka ka karanta ta.

Akwai rajista ko izinin da ake nema?

Mai aiki a Kano yana rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, kuma takan dakatar da wanda ya karya ƙa'idarta. Akwai ƙungiyar MOPPAN ta masu sana'ar, akwai kuma hukumar tace fina-finai ta tarayya da aka kafa a 1993. A fim ɗin Hausa namiji da mace ba sa taɓa juna, ana kuma lura da sutura.

A Kebbi da Zamfara, kafin a kafa kamara a unguwa a gaida mai unguwa ko hakimi a faɗa masa abin da za a yi. Idan fitowar na da kakin soja, na ɗan sanda, ko bindigar roba, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa a rubuce, a sanar da 'yan sa-kai na wurin. Wannan batu ne na rai. Mutum biyar da rawani da abin da ya yi kama da bindiga a bakin daji, ba wanda zai tsaya tambayar ko wasa ne. Irin wannan fitowa a yi ta cikin gari, a fili mai katanga.

'Yata ta nace sai ta shiga fim. Me ya kamata mu yi a matsayin iyaye?

Hani da faɗa kaɗai yakan sa yarinya ta tafi a ɓoye, wanda shi ne mafi haɗari. Ku zauna da ita, Baba da Inna, ku ji me take so a ciki. Ta fara da diramar makaranta ko ta rediyo a garinku, inda idonku ke kai. In abin ya kai ga lokeshan, ku san sunan kamfanin da ofishinsa, ku yi magana da furodusan da bakinku, wani yayanta ko gwaggonta ya raka ta, a san inda za ta kwana. Ta kammala karatunta tukuna. A al'adar masana'antar, yawancin mata na barin fitowa idan sun yi aure, wasu su koma rubutu ko shirya fim, saboda haka wadda ta koyi waɗannan tun da wuri ba ta yi asara ba. Ku duba amsar da ke sama kan masu cewa a biya kuɗi a saka mutum a fim, tarkon da ke ciki 'yan mata aka fi ɗana wa.

Kullum rol iri ɗaya ake ba ni. In ƙi karɓa?

Yana da fuska biyu. Usman Baba Pategi ya zama Samanja, Rabilu Musa ya zama Ibro, har sunan wasa ya danne na yanka, kuma wannan ne ya ɗaukaka su. Amma wanda aka saba gani a camama, wato fim ɗin barkwanci, da wuya a ba shi rol mai nauyi, wanda ya saba fitowa mugu kuma yakan sha harara a kasuwa. A shekarun farko karɓi abin da ya samu. Idan ka fara tsayawa da ƙafarka, nemi kishiyar abin da aka san ka da shi, ko da a ƙaramin fim ne mai ƙaramar sallama, ko ka koma daɓe ka gwada shi a can.

Za mu iya yin namu a nan gida mu sa a YouTube?

Za ku iya, kuma ita ce hanya mafi kusa ta samun aikin nunawa. Ku fara da gajere, minti biyar zuwa goma; shafi ɗaya na rubutu kusan minti ɗaya ne a hoto. Kuɗin farko ku sa shi a makirfo ɗan maƙalawa, domin mai kallo na haƙuri da hoto mai rauni, ba ya haƙuri da sautin da janareto ya cinye. Ku ɗauka da safe ko bayan la'asar, rana tsaka tana zuba inuwa a kwarmin ido. YouTube ba ya fara raba kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Tun ranar farko ku rubuta wa ya mallaki tashar da yadda za a raba abin da ya shigo, don a nan ƙungiyoyi suka fi watsewa.

Me ke faruwa idan shekaru suka ja, aka daina kira?

Sana'ar ba ta da fansho, kuma abin takaici ne yadda ake yawan jin dattawan da suka faranta wa miliyoyi rai suna jinya sai an yi musu yekuwar taimako. Manyan da ake ambato da yawa sun san wani aikin: Samanja, wanda ya rasu a 2023, soja ne kafin ya shahara, Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi aikin gandiroba. Kada ka saki shago, gona, koyarwa ko ɗinki don an fara gane ka a hanya.

Lokacin da ake yayinka, ware kashi ɗaya cikin uku na kowace sallama ka sa a abin da ba ya bukatar fuskarka, kamar fili, dabbobi ko jari. Shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiharku tun kana da ƙarfi. Tun kafin furfura ta fito ka fara karɓar rol ɗin uba, kawu ko malami, don masu jinkirin wannan sauyi sukan tarar an riga an cike gurbin. Ka kuma riƙa zama kusa da edita da mai rubutu a duk aikin da ka je, ka ajiye kwafin kowane wasa da ka fito tare da shekararsa da sunan kamfanin, don da su za ka nemi aikin ba da umarni ko na horar da ƙungiyar dirama a makarantun garinku.